Garin Gyaran Gira: Sharhi a kan Sabon Faifan The Lord of the Rings

 Sharhinmu na yau ya leƙa duniyar fina-finai ne, kuma abin da ke gabanmu shi ne abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji idan aka ɗauko tsohon fim aka sake wanke shi domin masu kallo a gida. Fim ɗin da zan kafa hujja da shi sananne ne, The Lord of the Rings, almarar nan ta zoben tsafi da ɗan ƙaramin halitta mai suna Frodo ya ɗauka zai kai dutsen wuta ya hallaka shi.

Peter Jackson ne ya ba da umarninsa, daga littafin da J.R.R. Tolkien ya fitar a 1954 da 1955. A ƙasar Niyu Zilan aka ɗauki kashi ukun gaba ɗaya a jere, daga watan Oktoba na 1999 zuwa Disamba na 2000, sannan aka riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya a 2001 da 2002 da 2003. Ukun sun tara kyautar Oscar 17, na ƙarshen shi kaɗai ya kwashi 11. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, a kan zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke shi, irin na da, wanda ake wankewa da sinadari. Wani ɗan Ostireliya mai suna Andrew Lesnie ne ya riƙe ragamar ɗaukar hoton, kuma ya ci Oscar da kashin farko.

Da yawa daga cikinmu a faifan kasuwa muka fara ganinsa, irin wanda ake cusa fina-finai barkatai a guda ɗaya, inda duk wurin da dare ya yi a fim sai allo ya koma baƙi ƙirin, sai dai ka ji ƙarar takubba ka ƙiyasta wa ke sarar wa. Masu hali kuwa sun bi shi daga DVD zuwa Blu-ray. Su ma ba su tsira ba. Faifan 2010 ya sha suka a kan dusashewar hoto, na 2011 kuma, mai ɗauke da dogon zubin fim ɗin, ya zo da wani kore-kore da ya lulluɓe kashin farko, har ƙanƙarar kan dutse da ya kamata ta fito fara sol ta ɗauki launin kore. Shekaru aka yi ana muhawara a kan wannan koren.

A watan Disamba na 2020 kamfanin Warner Bros ya fitar da sabon zubi a faifan da ake kira 4K, wanda aka yi aikinsa a Park Road Post, gidan tace fina-finai na Jackson da ke birnin Welintin, shi kuma ya sa ido a kai da kansa. Faifai tara ne, akwai zubin silima, akwai dogon zubi da aka raba kowane kashi a faifai biyu. Hoton yana da ɗigo kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na Blu-ray mai ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. An ƙara masa faɗin haske na HDR, aka kuma sake haɗa sautin a tsarin Dolby Atmos. Mafi yawan masu sharhi sun yaba, wasu har suka ce ba a taɓa ganin fim ɗin da kyau haka ba. Ni ma ina da yabo mai yawa, kuma da shi zan fara, domin wanda ya yi aiki mai kyau a faɗa.

Sautin nan, masu sauraro, ya isa a tsaya a kansa. Tun asali aikin sautin wannan fim aikin hannu ne na mutanen da suka san abin da suke yi. Gurnanin Balrog, dodon wutar nan da ya tare dattijon matsafi Gandalf a kan gada cikin ramin Moria, daga ƙarar bulon siminti da aka ja a kan daɓen katako aka samo shi, aka sarrafa. Ihun mahayan nan baƙaƙe da ke sa tsigar jiki tashi, muryar Fran Walsh ce, abokiyar rubutun Jackson kuma abokiyar zamansa. Kirarin rundunar dodanni da ta yi wa ganuwar Helm's Deep ƙawanya kuwa, Jackson da kansa ya shiga filin wasan kurket a Welintin, ya sa dubban 'yan kallo suka riƙa rera kalmomin suna buga ƙafa, aka naɗa. A kan duk wannan aka ɗora kiɗan Howard Shore, wanda ƙungiyar makaɗa ta London Philharmonic ta kaɗa mafi yawansa, tare da rundunar mawaƙa manya da yara.

Abin da sabon haɗin ya yi shi ne ya buɗe wa waɗannan sautuka fili. A tsohon tsari, kowace ƙara an ɗaure ta ne a lasifika guda, ta gaba ko ta gefe ko ta baya. A tsarin Atmos, wanda ya fara fita a gidajen silima a 2012, ana iya ba wa ƙara mazauni a sararin ɗaki, har da saman kai, na'ura kuma ta raba ta gwargwadon lasifikun da mutum yake da su. Don haka idan ruwan sama ya tsuge a daren yaƙin Helm's Deep, daga sama kake jin saukarsa, kana kuma jin yadda yake ƙwanƙwasa hulunan ƙarfe. Idan gangunan Moria suka fara tashi daga can ƙarƙashin ƙasa, a ƙirjinka za ka fara jin su kafin kunnenka ya tantance. Abin da ya fi burge ni shi ne ladabin masu haɗin. Ba su cusa sababbin ƙararraki don burga ba, ba su kuma sa kowane abu yana shawagi a ka ba gaira ba dalili. Sautin da muka sani ne, aka ba shi wurin numfashi. Raɗar Gollum, halittar nan da aka ƙirƙira da kwamfuta, tana nan a tsakiya, ana jin kowane harafi, kiɗa bai danne ta ba.

Sai dai a nan akwai gargaɗi ga mai kallo a gida. An haɗa sautin ne da tazara mai faɗi tsakanin raɗa da tsawa. Idan 'yar lasifikar cikin talabijin ce kawai gare ka, za ka ƙara murya don ka ji magana, yaƙi na ɓarkewa kuma ka tashi maƙwabta. Wannan ba laifin faifan ba ne. Yawancin talabijin da na'urorin sauti suna da wani zaɓi na kallon dare da ke rage wannan tazara, a nema a kunna. Wanda kuma ba shi da kuɗin jera lasifiku, abin sauraro na kunne mai ɗan kyau zai kai shi kusa da abin da nake bayani fiye da yadda yake zato.

Haske ma an ci nasara a kansa. Tsohon faifai yana raba kowane launi hawa 256 ne daga duhu zuwa haske, sabon kuwa hawa 1,024, kuma ƙololuwar haskensa ta zarce ta da nesa ba kusa ba. Amfanin wannan yana fitowa ne a wuraren da duhu da wuta suka haɗu, wannan fim kuwa cike yake da su. Sandar Gandalf a cikin Moria tana haskawa kamar fitilar gaske, ginshiƙan da ke bayansa kuma ba su nutse cikin baƙi ba, kana ganin sassaƙarsu. Wurin da ake kunna wutar gangami daga ƙololuwar wannan dutse zuwa wancan, a kashi na uku, harshen wutar yana da ja da ruwan ɗorawa a cikinsa, bai zama farin tabo ba. Koren nan na 2011 kuma an cire shi, ƙanƙara ta koma fara.

To, ina matsalar take? Tana fuskar mutane.

Duk hoton da aka ɗauka da zaren fim yana da wani yashi-yashi mai motsi a jikinsa. Wanda bai sani ba zai ɗauka datti ne ko tsufa. A gaskiya kuwa shi ne hoton kansa. An shafe zaren ne da ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa, haske ya faɗa musu, su kama siffar abin da ke gaban kyamara. Hotuna 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma zubin ƙwayoyin kowane hoto daban yake da na mai bi masa. Idon ɗan Adam ne ke haɗa su, ya fitar da ƙananan abubuwa daga cikinsu, irin su ƙofofin gashin fata, da zaren ulu a jikin alkyabba, da ɗigon yayyafi a iska. Idan aka sa kwamfuta ta share wannan yashi, ba ta da tabbacin wanne ne yashi wanne ne ƙofar gashi. Sai ta kwashe duka. Daga nan hoto ya yi laushi, mai gyara ya ga ya yi laushi, sai ya ƙara masa kaifi na jabu, wanda ke barin wani siririn farin layi a gefen abubuwa.

An yi wannan sharar a faifan 2020, kuma ba daidai aka yi ta ko'ina ba. Akwai wuraren da kyamara ta matso kusa, ka ga kowane silin gemun Gandalf, ka ga tamojin goshinsa, ka ce madalla. Ana yanka hoto zuwa na gaba kuma, musamman idan mutane suna ɗan nesa ko akwai aikin kwamfuta a bayansu, sai fuska ta yi sumul kamar ba fatar mutum ba, ciyawar filin Rohan ta cure wuri guda, dutse ya rasa kaushinsa. A idona kashi na biyu, The Two Towers, ya fi jin jiki. Abin ya yi kama da tsohon soron ƙasa na cikin birnin Zariya mai zanen magina a fuskarsa, mai gida ya ga ya tsufa ya sa a shafe shi da siminti. Bango ya yi santsi, ba ya zubar da ƙura, amma yatsun maginin sun tafi.

Abin yana min ciwo ne saboda irin wahalar da aka sha wajen yin wannan fim da hannu. A Weta Workshop, ƙarƙashin Richard Taylor, an zauna an sarƙa miliyoyin ƙananan zobba ɗaya bayan ɗaya don a yi sulken mayaƙa, har aka ce zanen yatsun masu aikin ya goge. Ngila Dickson da mutanenta sun yi wa tufafin sarakuna ɗinkin ado har a wuraren da kyamara ba lallai ta kai ba. Birnin Minas Tirith da ganuwar Helm's Deep an gina ƙananan samfurinsu da hannu, masu girman da sai an ware musu zaure guda, aka ɗauke su da kyamara. Garin Edoras a kan tsauni na gaske aka kafa shi, iska na kaɗa tutocinsa. Dalilin da ya sa wannan almara ta zauna a zukatan mutane ke nan, komai yana da nauyi da datti da gumi, sai ka yarda akwai wannan duniya. Duk abin da ya rage kaushin hoton, daga wannan yardar yake ragewa.

Akwai kuma wani amfanin yashin da ba a cika faɗa ba. Shi ke ɗinke aikin kwamfuta da hoton gaske. Masu haɗa siddabarun fim sukan zuba wa abin da suka ƙirƙira yashi irin na zaren, don Gollum da Frodo su zama a ƙarƙashin mayafi ɗaya. Ka ɗauke mayafin, sai ɗinkin ya bayyana, ka fara lura cewa wannan a gaban shuɗin ƙyalle yake tsaye, wancan dutsen kuma daga baya aka liƙa shi.

Adalci ya sa in faɗi uzurin masu gyaran, domin suna da shi. Dubban wuraren da ke da siddabarun kwamfuta a fina-finan nan an kammala su ne tun farkon shekarun 2000 a ma'aunin 2K, wato kusan daidai da Blu-ray. Ba wata dabara da za ta fito da ɗigon da ba a taɓa ƙirƙira ba. Ko dai a sake yin siddabarun daga tushe, abin da zai ci maƙudan kuɗi ya kuma sauya fim ɗin, ko a buɗa wanda ake da shi ya cika sabon allo. Jackson ya zaɓi na biyu, ya kuma bayyana cewa bai sake siddabarun ba, gyaran 'yan kurakurai kawai aka yi. A nan na goyi bayansa ɗari bisa ɗari. Gollum ɗin 2002, wanda Andy Serkis ya ba wa murya da motsi, shi ne Gollum, kada a taɓa shi. Kashin farko ma tun asali ba duka aka daidaita launinsa da kwamfuta ba, wani ɓangaren ta hanyar sinadari aka bi, don haka neman daidaito tsakaninsa da sauran biyun abu ne mai ma'ana.

Inda muka rabu shi ne ɗaya burin da ya bayyana, cewa yana so fina-finan nan uku da na The Hobbit uku su yi kama da juna, tamkar a lokaci guda aka yi su. The Hobbit, wanda ya fito daga 2012 zuwa 2014, da kyamarar dijital aka ɗauke shi, hoto 48 a daƙiƙa, tas-tas ba yashi. Wato an ja babba ne zuwa kamannin ƙaninsa. Ni kuwa ina ganin fim ɗin 2001 yana da haƙƙin ya yi kama da 2001. Kuma mutumin da idonsa ya tsara wannan haske, Andrew Lesnie, ya rasu a 2015, shekara biyar kafin wannan aiki, ba a samu jin ta bakinsa ba. Na san za a ce mai abu da abinsa, darakta ne, ya yi yadda ya so. Gaskiya ne, ba na musun ikonsa. Amma fim ɗin da miliyoyin mutane suka gani a silima ya riga ya shiga tarihi, kuma ɗaruruwan hannaye ne suka yi shi. Idan darakta yana son sabon zubi, ya yi, sai dai a ajiye na asalin a gefensa da irin wannan inganci, mai so ya zaɓa.

Damuwata ta wuce wannan fim ɗaya, domin salon yana yaɗuwa. Jackson ya yi amfani da dabarun share hoto a They Shall Not Grow Old na 2018, inda ya raya hotunan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya sake yi a shirinsa na mawaƙan Beatles a 2021. A na farkon ana iya cewa tsofaffin hotunan sun lalace, suna bukatar ceto. Amma da fina-finan James Cameron irin su Aliens da True Lies suka fito a faifan 4K a 2024, masu kallo da dama sun koka cewa fuskokin sun koma kamar zane. Akwai kuma dalilin kasuwa da ke tura abin. Yashin fim ba ya matsuwa cikin sauƙi, tunda kowane hoto nasa daban ne, yana cin wuri a faifai, yana cin data a intanet. Hoton da aka share ya fi arhar aikawa. Ga kuma masu sayen sabuwar talabijin da ke son su ga komai yana sheƙi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da na san wasu na yi a zuci, shin mu da muke kallo a waya ko a 'yar talabijin ɗin falo, ina ruwanmu? Faifan 4K yana ɗaukar gigabait 66 ko 100. Kwafin da ake tura wa mutum a waya sau da yawa bai kai gigabait ɗaya ba, ko da an rubuta 4K a sunansa. A irin wannan matsi, duhun Moria yakan farfashe ya zama dabbare-dabbare, faɗin hasken da na yaba kuma babu shi sam. Ko a talabijin ta gaske, wanda ya zauna mita uku daga allo mai inci 40 da wuya idonsa ya bambance 4K da Blu-ray ta fuskar yawan ɗigo. Hasken HDR da sauti su ne ribar da za ka gani ka ji daga kujerarka, shi ya sa nake ba mai ɗan kuɗi shawara ya fara da gyara sautinsa.

Sannan talabijin ɗinka ma tana yin tata sharar ba da saninka ba. Yawancinsu suna fitowa daga kanti da zaɓin rage yashi a kunne, da ƙarin kaifi, da wani zaɓi da ke ƙirƙiro hotuna a tsakanin na asali don motsi ya yi santsi, wanda ke mai da fim ɗin silima kamar wasan kwaikwayon talabijin. A 2018 Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sun fito a wani ɗan bidiyo suna roƙon mutane su kashe wannan zaɓi. A 2019 kuma aka sanar da Filmmaker Mode, maɓalli guda da ke kashe su duka. Idan taka tana da shi, kunna shi, in babu, zaɓi yanayin silima, ka rage fitilar ɗaki. Faifan da aka riga aka share, talabijin ta sake share shi, to nan ne garin gyaran gira ake rasa ido.

Mu ma wannan magana tana jiran mu a gida. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa a wani tsohon ɗakin ajiya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. An iya wannan ne domin zaren asali ya tsira. Fina-finan Hausa na shekarun 1990 kuwa a kaset ɗin bidiyo aka yi su, kaset kuma zafi da ƙura da damina suna cin sa. Yau ga manhajoji a waya da ke alkawarin mai da tsohon bidiyo sabo, kuma hanyarsu ita ce wadda muka bayyana, su share, su ƙirƙiro abin da babu, har kamannin fuskar ɗan wasa su sauya. Roƙona ga furodusoshi da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, duk mai kaset na asali a hannunsa ya sa a juye shi zuwa kwamfuta yadda yake, ba tare da an taɓa komai ba, a adana wannan kwafin a wuri fiye da ɗaya, kaset ɗin ma kada a yar. In ya so daga baya a yi gyaran a kan wani kwafin daban, a kuma rubuta a jikinsa cewa gyararre ne.